Kundin Aikin Auna Darajar Yanayin Lafiya da Harshen Hausa

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Yau muka yi zaman farko, ni da abokiyar aikina da malamin da ke duba mana aikin, muka tsayar da iyakar abin da za mu yi a watannin da ke tafe. Aikin kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne mu ba manyan masu ciwon sikila da ke zuwa asibitin da muke aiki a Kano takardar tambayoyin EQ-5D, domin mu ga yadda suke siffanta lafiyarsu. Kashi na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ya sa na buɗe wannan kundin. Muna so mu gwada ko za a iya zama da Bahaushe a tambaye shi, da harshensa, darajar da yake ba wani yanayi na rashin lafiya idan aka jera shi tsakanin cikakkiyar lafiya da mutuwa, ya kuma ba da amsar da ya fahimta, ya yarda cewa tasa ce.

Takardar EQ-5D ta fito ne daga ƙungiyar EuroQol, wadda masu bincike daga wasu ƙasashen Turai suka kafa a 1987. Fannoni 5 take tambaya: tafiya, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, harkokin yau da kullum, ciwo ko rashin jin daɗin jiki, sai kuma damuwa ko ƙuncin rai. A tsohon tsarin kowane fanni yana da mataki 3, don haka yanayin lafiyar da za a iya siffantawa ya kai 243. A sabon tsarin matakan sun zama 5, yanayin ya kai 3,125. Ana rubuta kowane yanayi da lambobi biyar a jere, ta yadda 11111 yake nufin mutumin da ba shi da matsala a ko'ina.

Siffantawa ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana wajen mayar da waɗannan lambobi maki guda, a kan ma'aunin da cikakkiyar lafiya take a 1, mutuwa take a 0. Da wannan maki ake ninka shekarun da mutum ya rayu a fitar da abin da ake kira QALY, wato shekarar rayuwa da aka auna ta da ingancinta. Da shi hukumar NICE ta Ingila, wadda aka kafa a 1999, take duba ko sabon magani ya cancanci kuɗinsa, inda ta shafe shekaru da dama tana amfani da iyakar fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowane QALY. A nan gida, tun da aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, tambayar wane magani za a sa cikin tsarin, wane za a bari, ta zama tambayar da ba za a kauce mata ba. Ko an yi lissafi ko ba a yi ba, wani zai yanke hukuncin.

Litinin, 22 ga Janairu

Na shafe makonni biyu ina lissafi da hannu, domin ban yarda in dogara da abin da kwamfuta ta fitar ba alhali ban san yadda ya fito ba. Na ɗauki jadawalin makin Birtaniya na tsarin mataki 3, wanda ya samo asali daga hirarrakin da masu bincike na Jami'ar York suka shirya a 1993 da mutum 3,395, Paul Dolan kuma ya wallafa lissafinsa a 1997. Ba duka yanayi 243 aka tambayi mutane ba. An tambaye su kaɗan ne daga ciki, aka yi amfani da lissafi aka ƙiyasta sauran.

Tsarin ragi ne. Ana farawa daga 1. Da zarar mutum ya sami matsala a kowane fanni, ana cire 0.081. Sannan kowane fanni yana da nasa ragin: matsakaicin ciwo 0.123, ciwo mai tsanani 0.386, 'yar matsalar tafiya 0.069, kwanciya a gado 0.314, haka dai har ƙarshe. Idan kuma akwai fannin da ya kai mataki na 3, ana ƙara cire 0.269 sau ɗaya. Mafi munin yanayi, wato 33333, yana sauka a −0.594, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na yanayin gaba ɗaya suna ƙasa da sifili, ma'ana waɗanda aka tambaya sun ga mutuwa ta fi su.

Sai na gwada da marasa lafiyar da na sani. Mai sikila a ranar da ya samu sarari, yana ɗingishi kaɗan saboda ƙugu, ba ya iya cika aikinsa, jikinsa na yi masa ciwo matsakaici, to shi ne 21221, makinsa 0.691. Shekara 10 a haka daidai take da QALY 6.91. Amma a ranar da ciwon ya tashi, yana tafiya da ƙyar, sai an taimaka masa ya yi wanka, ba ya iya komai na harkarsa, ƙasusuwansa kamar ana sara, hankalinsa a tashe, wannan 22332 ne, kuma da na gama ragin sai na samu −0.074. Na sake lissafin sau uku. A bisa hukuncin mutanen Birtaniya na 1993, yanayin da matasan da nake gani a ɗakin gaggawa suke shiga sau da yawa a shekara ya ɗan fi mutuwa muni. Ba na cewa sun yi kuskure, domin an tambaye su ne a kan shekara 10 cur a cikin wannan hali, ba kwana huɗu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan lamba hukuncin wasu mutane ne a wani wuri da wani zamani, amma idan ta shiga rahoto sai ta yi kama da awon zafin jiki.

Shekaru da dama masu bincike a Nijeriya suna aron jadawalin Birtaniya, ko kuma na Zimbabuwe wanda Jennifer Jelsma da abokan aikinta suka wallafa a 2003 bayan hira da mazauna wata unguwa a Harare. Daga baya Habasha ta fitar da nata na tsarin mataki 5 a 2020, Yuganda ma ta biyo baya. Aron na Zimbabuwe ya fi kusa da hankali a kan na Turai, amma kusancin nahiya ba shi ne kusancin tunani ba.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Makon nan na kalmomi ne. Kalmomin takardar kanta mallakar ƙungiyar EuroQol ne, ba a sauya su yadda aka ga dama, kuma fassararsu tana da ƙa'ida: a fassara, wani daban ya mayar da ita harshen asali, sannan a gwada da mutane a ji abin da suka fahimta. Abin da muke da iko a kansa shi ne bayanin da mai tambaya zai yi da bakinsa, kuma a nan muka fara cin karo.

Kalmar ciwo a Hausa tana ɗaukar cutar kanta, tana kuma ɗaukar zafin da ake ji. Idan ka tambayi mai sikila ko yana da ciwo yau, zai ce maka ai kullum yana da shi, domin da shi aka haife shi. Dole sai an kawo zafi, raɗaɗi ko zogi kafin a gane abin da ake nufi. Damuwa kuwa ta yi faɗi da yawa, tana haɗiye tsadar masara da kuɗin makarantar yara, alhali abin da ake nema ya fi kusa da fargaba da ƙuncin rai da ke hana barci.

Babbar matsalar ita ce "da sauƙi". Na tsaya a bakin gadon wani saurayi da aka sa wa ruwa, gumi na keto masa cikin sanyin hunturu, yana cije leɓe, na ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ba ƙarya ya yi ba. Amsar gaisuwa ya ba ni, yadda aka koya masa tun yana yaro, kuma akwai ibada a cikinta. Idan mai tambaya ya tashi daga gaisuwa ya faɗa tambayoyin kai tsaye, wannan "da sauƙi" za ta bi shi har cikin takardar, ya ƙare da jerin mataki na 1 da na 2 daga mutumin da ba ya iya miƙewa. Mun yanke cewa bayan an gama gaisuwa za a ce: mun gode wa Allah, yanzu kuma tambayar likita zan yi maka, wadda faɗin gaskiyarta ba ƙorafi ba ne. Abokiyar aikina ce ta kawo wannan jimla, kuma a gwajin da muka yi da ma'aikatan jinya ta yi aiki.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta iso. Mun kuma tsayar da hanyar tambaya.

Hanyoyin da aka fi sani uku ne. Akwai ma'auni mai kama da na zafin jiki daga 0 zuwa 100, wanda yake da sauƙi amma ba ya sa mutum ya sadaukar da komai. Akwai hanyar kasada, wadda ta samo tushe daga aikin von Neumann da Morgenstern na shekarun 1940, kuma da ita John Brazier da abokansa a Sheffield suka fitar da makin SF-6D, wani ma'aunin yanayin lafiya irin EQ-5D, a 2002. A cikinta ana ce wa mutum ya zaɓa tsakanin zama da ciwonsa da karɓar maganin da zai iya warkar da shi sarai ko ya kashe shi nan take. Mun ajiye ta, saboda tana bukatar a riƙa juya kaso cikin ɗari a ka, kuma sunan da Turawa suka ba ta ma'anarsa caca, kalmar da za ta rufe mana ƙofa tun daga zaure. Mun ɗauki ta uku, musayar shekaru, wadda George Torrance da abokan aikinsa suka gabatar a Kanada a 1972.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Kwana biyar muka yi muna horar da kanmu, ni da abokiyar aikina da ɗalibai biyu, mace da namiji, domin mata su tambayi mata, maza su tambayi maza.

Ga yadda tambayar take. Ana nuna wa mutum rayuwa biyu. A ta farko zai yi wasu shekaru cikin cikakkiyar lafiya sannan ya rasu. A ta biyu zai yi shekara 10 cikin yanayin da aka siffanta sannan ya rasu. Ana ta rage shekarun rayuwa ta farko ko a ƙara su, har a kai inda zai ce duk ɗaya ne a wurinsa. Idan ya tsaya a 7, makin yanayin 0.7 ne. Idan kuwa ya ce ko da shekarun lafiyar sun koma sifili ya fi son ta farko, to ya nuna yanayin ya fi mutuwa muni a ganinsa, sai a sauya allo. A sabon allon ana ƙara shekara 10 ta lafiya a gaban kowace rayuwa, ta biyu ta zama shekara 10 lafiya sannan 10 cikin ciwon, a ci gaba da ragewa daga ta farko. Da haka maki yake iya sauka har −1.

A cikakken bincike na ƙasa, ƙa'idar EuroQol tana neman wajen mutum 1,000, ana yi da manhaja a kwamfuta, an zaɓi yanayi 86 an raba su rukuni 10, kowane mutum yana auna 10, sannan a ba shi tagwayen yanayi 7 ya faɗi wanda ya fi. Ana fara koya masa da misalin zama a keken guragu, kuma ana bibiyar masu tambaya a ga ko sun yi gaggawa, misali idan sun gama yanayi 10 cikin ƙasa da minti 5. Namu ba wannan ba ne. Gwajin fahimta ne da mutane kaɗan, kuma ba za mu fitar da wani jadawali daga cikinsa ba. Mun yi allo da kwali, kore ga shekarun lafiya, shuɗi ga na ciwo, da wani ɗan marfi da ake ja. Ɗalibarmu ta lura cewa kalmar "rage shekaru" tana da kaifi a baki, amma ba mu samo madadinta ba tukuna.

Alhamis, 7 ga Maris

Mun fara hira da mutanen gari, yawanci 'yan rakiyar marasa lafiya da ke jiran layi, waɗanda suka amince bayan an karanta musu takardar yarda. Da matasa masu ilimin boko abin ya tafi, wasunsu ma har suna gardama da kansu a fili. Amma hirar da zan rubuta ita ce ta wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda ya rako jikansa.

Ya saurari misalin keken guragu da natsuwa, ya maimaita mini shi daidai, wanda ya tabbatar mini ya gane. Da na ja marfin zuwa shekara 9 da rabi na tambaye shi, sai ya ce ya ɗauki ta biyun, shekara 10 a keke. Na kawo yanayi mai tsanani, ya ce shekara 10. Na kawo 55555, mutum kwance ba ya motsi, ba ya wanke kansa, cikin matsanancin raɗaɗi da ƙunci, ya dubi allon ya daɗe, sannan ya tura mini shi da bayan hannu a hankali.

Ya ce: "Ɗana, kwanan nan da kake ja da baya, naka ne ko nawa?"

Na ce: "Baba, misali ne kawai, ba wanda zai taɓa kwanan kowa."

Ya ce: "Na ji misali ne. Amma ko a misali ba na sayar da abin da ba nawa ba. Wanda ya ba ni shi ya san ranar da zai karɓa."

A bisa ƙa'ida, abin da zan rubuta wa dattijon nan shi ne 1.0 a kowane yanayi, wato a takarda ya ce kwanciya cikin azaba daidai take da cikakkiyar lafiya. Bai faɗi haka ba. Da na ajiye allon na tambaye shi wanne ya fi wuya tsakanin ciwon ƙafa da shanyewar jiki, bai yi jinkiri ba, har ya ba ni labarin yayansa da ya yi shekaru a kwance. Yana da ra'ayi sarai a kan wane hali ya fi wane. Kwanan da muka ce ya biya da shi ne bai yarda nasa ba ne. Masu wannan fanni sun san irin waɗannan mutane da ba sa musaya, ana samunsu a kowace ƙasa, amma idan suka yi yawa a wuri, makin kowane ciwo zai hau sama, ribar kowane magani ta ragu a lissafi, a ƙarshe tawakkalin mutane ya zama hujjar hana su magani. Wannan ne abin da na fi jin tsoro a aikin nan gaba ɗaya.

Laraba, 20 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 11 ga wata, don haka mun mayar da hirarraki safiya, muna tashi kafin azahar. Na yi amfani da sararin na kai maganar dattijon wurin wani malamin unguwarmu bayan an sha ruwa, na ɗauki allon na nuna masa.

Ya ce mini: "Malam, abin da tsohon nan yake gudu yana da asali." Ya kawo hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya hana mutum burin mutuwa saboda cutar da ta same shi, ya kuma koyar da cewa idan ba makawa sai ya roƙi Allah ya raya shi matuƙar rayuwa ce ta fi masa alheri, ya ɗauki ransa idan mutuwa ce ta fi. Sannan ya ce in lura da abu biyu. Addu'ar da kanta ta nuna akwai halin da mutuwa za ta iya fi wa bawa, sai dai sanin hakan an bar wa Allah. Na biyu kuma, faɗin cewa wani hali ya fi wani tsanani ba buri ba ne, labari ne, kuma likitoci da alƙalai suna yin irinsa kullum. Shawararsa ita ce kada mu ce wa mutum "shekara nawa za ka bayar", mu ce "ga rayuwa biyu da Allah zai iya ƙaddara wa bawa, wacce ka ga ta fi sauƙin ɗauka".

Na daɗe ina juya wannan. Ta wani gefen ya fi kusa da ainihin tambayar, domin allon ma rayuwa biyu yake nunawa, ba ciniki ba. Ta wani gefen kuma ina tsoron kada mu nisanta mutum daga tambayar har ya koma yana yi wa wani bawan Allah hukunci ba kansa ba, alhali ƙa'idar tana so ya sa kansa a ciki. Mun tsaya a tsakiya: za a ce rayuwa biyu ne da za a iya ƙaddara maka, ba kai ka nema ba, wacce za ka fi so a ce ita ce taka. Kalmar rage shekaru mun cire ta gaba ɗaya.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ƙasashen da Musulmi suka fi yawa sun yi wannan aiki sun gama. Indonesiya ta wallafa jadawalinta a 2017, mafi munin yanayi ya sauka a −0.865, Malesiya da Masar ma sun fitar da nasu. Ke nan addini bai hana a amsa ba. Abin da ya rage shi ne yadda ake tambaya da wanda yake tambayar. Wani abu ɗaya na gargaɗi ɗalibanmu a kansa da babbar murya: ba aikinmu ba ne mu lallashi kowa ya sauka ƙasa da sifili. Wanda ya ji sabon lafazin ya ce har yanzu ba zai zaɓa ba, a rubuta yadda ya ce, a kuma rubuta dalilinsa da kalmominsa.

Laraba, 17 ga Afrilu

Mun dawo bayan hutun salla, cikin zafin da ke sa kwalin allon lanƙwashewa. Sabon lafazin ya sauƙaƙa hirar ƙwarai, ko da yake ba zan sa adadi a kai ba, domin mutanenmu ba su kai yawan da za a kafa hujja da su ba.

Abin da ya fito fili a makonnin nan shi ne dalilan da mutane suke bayarwa. Abokiyar aikina ta yi hira da wata mata mai kimanin shekara hamsin da ta yi jinyar uwar mijinta bayan shanyewar ɓarin jiki. A yanayin da raɗaɗi ya yi tsanani amma mutum yana iya kula da kansa, matar ba ta sauka sosai ba, ta ce ciwo ai ana daurewa, kuma kankarar zunubi ne. Da aka kawo yanayin da mutum ba ya iya wanke kansa, sai ta yi shiru, ta ce: "'Yar nan, kin taɓa ɗauke wa babba bayan gida? Ba ni nake jin nauyin ba, ita ce take kuka duk lokacin da na zo da ruwa." Ta zaɓi gajeriyar rayuwa ba tare da an matsa mata ba. Mun ji irin wannan daga bakin mutane da dama: tsarki, alwala, iya tsayuwa da sujada, da kada a zama nauyi a kan 'ya'ya. A jadawalin Birtaniya ciwo mai tsanani ne ya fi kowane fanni ragi, 0.386, rashin iya kula da kai kuwa 0.214. Ba zan ce a Kano abin a juye yake ba, amma na ji abin da ya isa ya sa in ƙi ɗaukar cewa daidai yake.

Haka nan "harkokin yau da kullum" ba abu ɗaya ba ne a kunnen kowa. Wani kasuwa yake ji, wata girki da ɗiban ruwa, wani dattijo kuwa zuwa masallaci sau biyar. Wanda ba ya iya tsuguno ya sami matsala babba a gidan da masai na ƙasa ne, matsalar da mai amsa tambaya a York bai sa a lissafinsa ba.

A ɓangaren masu sikila, takardun da aka cike sun nuna mini wani gibi da na yi zato tun a Janairu. EQ-5D tana tambayar lafiyar mutum ta yau ne kawai. Wanda ya iso asibiti da ƙafarsa ranar ganin likita yawanci ranar sararinsa ce, don haka makinsa zai yi kyau, kwanakin da ya yi yana birgima a gida kuma ba su shiga ko'ina ba. Magani irin hydroxyurea, wanda babban amfaninsa rage yawan tashin ciwon ne, zai fito kamar bai yi komai ba idan ranar asibiti kaɗai aka auna. Mun nemi izinin ƙara cike takardar a ɗakin gaggawa bayan an shawo kan zafin, da kuma tambayar sau nawa ciwon ya tashi da kwana nawa ya ɗauka, domin a auna kowane hali da tsawon lokacinsa.

Wata budurwa mai sikila ta yi mini tambayar da har yanzu masana ba su gama da ita ba. Da na bayyana mata cewa makin daga mutanen gari ake samo shi, ta ce: "Malam, don me za a tambayi wanda bai taɓa ji ba?" Na gaya mata hujjar Ingila, cewa jama'a ne ke biyan kuɗin kuma kowa na iya zama mara lafiya gobe, na kuma gaya mata cewa a Suwidin an fi karkata ga makin waɗanda suke cikin halin. Sai dai akwai tarko a nan. Wanda ya daɗe da ciwo yakan saba, yakan ba halinsa maki sama da wanda mai lafiya zai ba shi, kuma maki mai yawa yana nufin ribar warkar da shi ta ragu a lissafi. Ta yi murmushi ta ce ashe haƙurin nasu ma sai a ci su tara a kansa. Ban sami abin da zan ƙara mata ba.

Litinin, 6 ga Mayu

Mun rufe zagayen farko na hirarraki ranar Alhamis da ta wuce, yau kuma muka zauna da malaminmu muka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Mun ware amsoshin gida uku: waɗanda suka gane suka yi musaya, waɗanda suka gane suka ƙi bisa dalili, da waɗanda alamu suka nuna sun rikice, kamar wanda ya ba 55555 maki sama da yanayi mai sauƙi. Gida na biyu da na uku a lamba kamanninsu ɗaya, bayanan da muka rubuta a gefen takarda ne kawai suka raba su. Saboda haka na roƙi a mayar da wannan gefen takarda wani sashe na dindindin a kayan aikin.

Malaminmu ya tunatar da mu cewa ko a Ingila, jadawalin mataki 5 da aka wallafa a 2018 bai sami karɓuwa ba, domin a 2019 NICE ta ce ba za ta yi amfani da shi ba saboda shakku a kan ingancin bayanan da aka tattara. Ya ce idan hakan ta faru a ƙasar da ta daɗe tana wannan aiki, to mu sai mun ninka kula da horar da masu tambaya.

A zagaye na biyu za mu fita daga harabar asibiti, domin 'yan rakiyar marasa lafiya ba su wakilci gari ba, kuma zukatansu a ɗaure suke da wanda ke kwance a ciki. Za mu je unguwa ɗaya a cikin birni da ƙauye ɗaya kafin damina ta kankama mutane su koma gona, ta hannun masu unguwa. Za mu ba tambayar tagwayen yanayi muhimmanci fiye da da, tun da ita ba ta ambaci shekaru ko mutuwa ba, kuma dattijon nan mai hatsi ya nuna zai amsa ta da zuciya ɗaya. Ita kaɗai ba ta isa ta ɗaure maki a kan ma'aunin 0 zuwa 1 ba, shi ya sa ake haɗa ta da musayar shekaru a lissafi, amma za ta ba waɗanda suka ƙi musaya hanyar da ra'ayinsu zai shiga. Ga waɗanda ba sa karatu, ɗalibinmu zai naɗi muryar karanta kowane yanayi a waya, domin kowa ya ji shi da lafazi ɗaya da sauti ɗaya.

Gobe zan kai wa kwamitin ɗa'a takardar gyaran, tare da sabon lafazin tambayar da na buƙatar shiga ɗakin gaggawa. Ranar Alhamis kuma zan je wurin kafinta a yi mana allon katako guda huɗu, domin na kwalin ba zai jure tafiyar ƙauye ba.